Iska ce a layi ko masta ne ya gaji? Amsa ga mai Land Cruiser 75

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa daga Garwa ya kawo tambaya a kan tsohuwar motarsa Land Cruiser 75 mai injin dizal. Ya ce tun ranar da aka sauya masa takalman birkin baya, takun farko sai feda ta kusa taɓa ƙasa, sai ya sake takawa sannan birki ya kama, kuma an fitar da iska har sau biyu amma babu sauyi, man birki ma bai ragu a kofinsa ba. Bakanike ɗaya ya ce har yanzu iska ce, ɗayan kuma ya ce masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda, ya mutu, a sayo sabo. Yana son sanin wa zai bi.

Ɗan'uwa, kafin ka bi kowa, ka sani cewa waɗannan cututtuka biyu ba su da ɗabi'a ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, kuma ƙafarka za ta iya raba gardamar ba tare da ka kashe ko sefa ɗaya ba.

Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, wannan shi ne tushen maganar. Idan akwai iska a layi, wato bututan da ke kai man birki zuwa tayoyi, duk ƙarfin da ka sa a feda sai ya fara ƙarewa wajen matse kumfar kafin ya isa tayoyi, shi ya sa za ka ji birkin da laushi kamar ka taka soso, idan ka ƙara ƙarfi ya ƙara lotsawa kaɗan, idan ka sassauta ya biyo ƙafarka. Amma idan ka taka sau uku ko huɗu a jere, sannan ka riƙe, feda za ta tsaya inda take ko da ka yi minti guda. Masta kuwa famfo ne mai fistan da robobi a ciki, kuma idan robobin suka cinye, mai yana sulalewa ta gefensu ya koma baya a cikin mastan kansa. Feda takan fara da tauri kamar lafiya lau, sannan ta riƙa nutsewa a hankali, a hankali, har ta kai ƙasa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne taku mai ƙarfi yakan buɗe leɓen robar ta toshe hanya na ɗan lokaci, don haka mai gwaji da ƙarfin tuwo zai ce masta lafiya yake. Gwajin gaskiya da taku mai sauƙi ake yin sa, irin wanda kake yi idan ka tsaya a layin shingen jandarma, ka riƙe haka na rabin minti zuwa minti ɗaya, injin yana aiki.

Kofin mai ba zai raba maka su ba, domin a duka biyun mai ba ya raguwa. Yana raguwa ne idan akwai yoyo zuwa waje, ko ta silindar taya, ko ta tiyo, ko ta bayan masta zuwa cikin busta, wato baƙin kwanon nan da masta ke jingine da shi, inda mai ke ɓuya ba a ga ɗigonsa a ƙasa ba. Tarihin matsalar ya fi kofi amfani. Iska tana shiga ne bayan an buɗe layi ko an bar kofi ya bushe, saboda haka takan bayyana rana ɗaya, bayan an taɓa motar. Gajiyar masta kuwa takan ɗauki makonni tana ƙaruwa, yau ta yi, gobe ta ɓace.

A nan akwai wani abu da ya kamata ka lura da shi, tun da an riga an fitar da iska sau biyu. A tsohuwar mota, fistan ɗin masta ya shekara da shekaru yana kai da komo a ɗan gajeren wuri, can ƙarshen ramin kuwa tsatsa da dauɗa sun taru. Idan yaron gareji ya riƙa danna feda har ƙasa lokacin fitar da iska, robobin suna bi ta kan wannan tsatsar su yage. Ta haka mota takan shiga gareji da iska ta fito da mataccen masta, kowane bakanike kuma ya zama yana da rabin gaskiya. Guntun katako a ƙarƙashin feda yana hana wannan.

A nawa ganin, bayaninka bai fi kama da ko ɗaya daga cikin biyun ba kamar yadda ya yi kama da abu na uku da babu wanda ya ambata maka, wato saitin takalman baya. Wannan mota faifai gare ta a gaba, tambur a baya, wato kwanon ƙarfen da takalma ke matsawa daga ciki, kuma idan aka sa sababbin takalma ba a matso da su kusa da bangon tambur ba, takun farko gaba ɗaya yana tafiya ne wajen cike wannan tazara, na biyu ya tarar da su a kusa ya kama. Bambancinsa da iska shi ne bayan taku na biyu feda tana yin tauri ƙam, babu laushin soso, bambancinsa da masta kuwa shi ne ba ta nutsewa. Ka ja birkin hannu har ya fara kamawa, sannan ka taka feda sau ɗaya. Idan ta tsaya a sama fiye da yadda ta saba, to ka gano ɓarawonka, kuma maganinsa sukudireba ne ta ɗan ramin da ke bayan farantin taya, a juya haƙorin saiti har takalmi ya kama, sannan a sassauta kaɗan taya ta juya. Na'urar da ke saita kanta a cikin tambur ba abin dogaro ba ce a motar da ke ratsa mayo, wato kogi, da damina, domin laka da yashi suna kafe ta.

Idan wannan gwaji bai nuna komai ba kuma laushin yana nan, to mai cewa iska ce yana da hujja, sai dai ka tambaye shi wurare nawa ya buɗe. Yawanci tayoyi huɗu ake bi a tashi. Amma a jikin shasi, kusa da aksil ɗin baya, akwai wani bawul mai dogon sanda da ke rage wa tayoyin baya ƙarfin birki idan mota ba ta da kaya, ya ƙara musu idan an yi lodi. Wannan bawul yana da nasa bakin fitar da iska, kuma iskar da ta maƙale a cikinsa ba ta fita ta tayoyi ko da an ƙarar da gwangwani uku na mai. Ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta, a ƙare da mafi kusa, sannan a buɗe bawul ɗin, ana lura kada kofi ya bushe a tsakani. A duba boris ɗin tayoyin gaba ma, domin idan ya yi sako-sako faifai yana rawa ya mayar da fistan birkin tayar ciki, sai takun farko bayan shan kwana ko gargada ya tafi a banza.

Busta ba ta cikin wannan shari'a. Idan ita ce ta lalace, ko famfon da ke ja mata iska, feda tauri take yi kamar dutse.

Ta fuskar haɗari, ban ɗauke su daidai ba. Iska da rashin saiti suna ba ka birki mara daɗi amma wanda ka san halinsa, masta mai sulale kuwa yana iya sakinka a daidai lokacin da ka daɗe da ƙafa a kan feda, kamar gangaren dutsen nan da ke kan hanya idan ka baro Ngaundere za ka Garwa da kaya. Wannan gangare yana tona asirin tsohon mai ma. Man birki yana shan danshi daga iska, kuma ƙa'idar nau'insa da ake kira DOT 3 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Celsius, wanda ya sha ruwa kuwa 140, na DOT 4 kuma 230 da 155. Idan ya tafasa, tururin yana yin aikin da kumfar iska ke yi, feda ta tafi ƙasa, bayan mota ta huce kuma ta dawo kamar ba a yi ba. Idan man birkin motarka ya yi baƙi ko ya haura shekara biyu, a zubar da shi duka. Ana iya haɗa DOT 3 da DOT 4, amma ban da DOT 5, haka nan man inji ko man giyar mota ko koren man nan na tsofaffin Citroën suna kumbura robobi har su lalace.

Saboda haka ka fara da riƙe feda da taku mai sauƙi, ka bi da gwajin birkin hannu, sannan saiti, sannan fitar da iska har da bawul ɗin baya. Idan bayan haka gardama ba ta ƙare ba, a kwance bututan da ke fita daga masta a toshe ramukan da notin da ya dace. Feda ta yi tauri ta tsaya, masta ya kuɓuta, matsalar tana can ƙasa. Ta nutse, to bakanike na biyu ya yi gaskiya. A wannan hali ka tafi shagon kayan gyara da tsohon a hannunka, domin faɗin ramin masta ya bambanta tsakanin motocin, kuma ka sa a cika sabon da mai a fitar masa da iska a kan tebur kafin a ɗaura shi. Idan ramin tsohon ya yi tsatsa mai zurfi, sauya robobi kaɗai ba zai daɗe ba. Allah ya kiyaye hanya.