Benzoyl peroxide ko adapalene: wanne ya dace da 'yar shekara 14?

Hajiya, kin ce ƙuraje sun fara feso wa 'yarki a goshi da haɓa, mai kemis ya nuna miki magungunan shafawa biyu, benzoyl peroxide da adapalene, kin rasa na ɗauka. Kafin ki fitar da kuɗi, kira ta bakin taga ki dubi ƙurajen da kyau.

In masu kumburi ne, da farin ruwa a kai, suna zafi in an taɓa, benzoyl peroxide ne maganinsu, domin yana kashe ƙwayar cutar da ke rayuwa cikin maiƙon fata. Akwai mai ƙarfin kashi 2.5, da 5, da 10 cikin ɗari. Ki ɗauki na 2.5, aikinsu kusan ɗaya ne, na 10 ɗin sai ƙarin raɗaɗi da bushewa. Illarsa tana kan tufafi: yana cin kalar yadi. Tawul, rigar filo, har bakin hijabin makaranta da ke gogar goshi, duk sai sun koɗe.

In kuwa ƙananan gudaji ne da baƙaƙen ɗigo marasa ciwo, toshewar ƙofofin fata ce, aikin adapalene mai kashi 0.1 ke nan. Da dare ake shafa shi, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya, a duk wurin da ƙurajen ke fitowa, ba kan ƙurji kaɗai ba. Sai dai yana son haƙuri. Makonnin farko fuskar kan yi saɓa, ƙurajen ma su ƙaru, kuma sai an kai mako 8 zuwa 12 ake ganin amfaninsa. A nan yara ke jefar da shi. 'Yarki ta fara da shafawa dare ɗaya tana tsallake ɗaya, ta bi da man shafawa marar maiƙo, musamman da hunturu, ta rage yawo cikin rana.

In nata ƙananan gudajin nan ne marasa ciwo, ni adapalene zan fara da shi. Kuma kada ki saurari masu cewa na balaga ne, zai wuce. Ƙurjin kan baje cikin mako guda, amma baƙin tabon da yake bari a fatarmu sai ya yi watanni, shi ne ke kai 'yan mata ga man bilicin mai sinadarin siteroyid, wanda ke ƙara haifar da ƙuraje. Ki hana ta matsewa.

In wata uku ya wuce ba sauyi, ko manyan gudaji masu ciwo suka fito, ku ga likitan fata. Ke ma, in kina da juna biyu, kada ki ari adapalene ɗin nata.