Nafkin ɗin tawul ko mai maɓalli? Ki ɗauki na tawul

'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Tsakanin farin nafkin na tawul da ake naɗewa a soke da fil, da wannan na zamani mai maɓallai da ake cusa wa tsumma a aljihu, ki sayi na tawul. Dozin 2, da wandon roba kamar 6. Duka biyun suna nan a ɗakina, ba ji na yi a bakin wata ba.

Na tawul ɗin Hajiyarmu ce ta sayo mini a kasuwar Terminus da ke nan Jos tun ina da cikin fari. Ranar da muka dawo daga asibiti ta shimfiɗa ɗaya a cinyarta, ta ninke shi kusurwa uku, ta ƙara kauri a tsakiya inda fitsari ya fi zuba. Sai ta soka bakin fil a jikin sabulu don ya yi santsi, ta tura yatsunta biyu tsakanin nafkin da cikin yaron kafin ta soke, tana cewa in fil zai ci wani to ita zai ci. Ta kuma karya bakin nafkin ɗin ƙasa da cibiya don ta sha iska har ta faɗi. Shi ne ya raini yayan, ya raini ƙannensa, kuma har yau in aka wanke aka shanya a rana fari yake fitowa tas.

Amma ba don Hajiya nake zaɓar miki shi ba, don garin da muke ciki ne. Kin san Jos a Yuli da Agusta: sai a kwana a wuni ana ruwa, rana ta leƙo ta koma. Nafkin ɗin tawul falle ɗaya ne, in kika baza shi a igiyar baranda iska ma ta isa, in ya rage danshi ki bi shi da dutsen guga, ko na gawayi ne in babu wuta. Tsumman da ake cusa wa mai maɓalli kuwa falle uku ne ko huɗu a ɗinke wuri ɗaya. Bayansa zai bushe, cikinsa na nan jiƙe, bayan 'yan makonni sai wani zarni da ba ya fita ko kin ƙarar da sabulu. Rigar wajen kuma akwai leda a jikinta, ba ta son guga, ba ta son tafasasshen ruwa, ba ta son Hypo. Kina matsa mata da ɗaya daga ciki ledar za ta fara ɓarewa, robar cinya ta saki.

Maganar gugar nan kada ki ɗauke ta kwalliya. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jikin tufafi masu danshi, musamman masu warin fitsari da waɗanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsar na shiga fatar yaro ta taso kamar maruru. Da damina ya fi yawa, kuma zafin guga ne ke kashe ƙwan. Abin da ba ya guguwa kin ga an bar wannan ƙofar a buɗe.

Sai girma. Masu sayar da mai maɓalli za su ce miki guda ɗaya ne daga haihuwa har yaye. Cinyar sabon jariri ba ta cika shi, sai ya kai wajen kilo 4 ko 5 yake zama daidai, ga kashin mai shan nono ruwa-ruwa ne, ta gefen cinya zai bi ya ɓata miki zani. Na tawul ke ce mai naɗi, yadda yaron yake haka za ki ɗaure.

In za a yi masa adalci, mai maɓalli yana da kyau a ido, kuma ko baban yara zai iya sa shi ba tare da ya kira ki ba. Nawa sai ranar zuwa rigakafi nake ɗaukowa. In ranki ya biya, ki bari yaro ya yi wata 3 ki sayi 2 ko 3. Ki dai kula, tsumman nan a cikin aljihu ake sa shi, ba a ɗora shi a kan fata, yana busar da ita. Basilin kuma yana toshe shi ya daina shan fitsari.

Wanki kam ko wanne kika ɗauka yana jiranki. Sabon jariri na ɓata 8 zuwa 12 a rana, shi ya sa na ce dozin 2: ɗaya a igiya, ɗaya a hannu. In a unguwarku sai 'yan garuwa, ki sa kuɗin ruwa a lissafi tun yanzu. Sabo ki wanke shi sau 2 ko 3 kafin ki sa, auduga sai ta sha wanki take jan ruwa sosai. Mai kashi ki ɗauraye nan take, ki tara a bokiti mai murfi, kada ya wuce kwana 2. Omo kaɗan, ɗauraya da yawa har kumfa ta ƙare, don ragowar sabulu na cikin abin da ke cin fatar yara. Ruwan ƙamshin nan na tausasa kaya ki bar shi, yana hana tawul shan ruwa. Da hunturu zai bushe ya sandare, ki murza shi a hannu ya yi laushi.

Aibin na tawul ɗaya ne da na sani, wandon roba yana riƙe zafi. Ki riƙa canzawa duk awa 2 zuwa 3, ki bar yaron tsirara a kan shimfiɗa na ɗan lokaci, ki shafa man kaɗanya kaɗan. In wurin ya yi ja jawur da ƙananan ƙuraje a gefe, ya kai kwana 3 bai sauka ba, asibiti za ki kai shi, ba hoda za ki ƙara ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara a kasuwa. Da yawa abin da ake kira auduga gauraye yake da roba. Ki zare zare ɗaya daga gefe ki kyasta masa ashana: auduga za ta ci ta bar toka mai laushi, roba za ta narke ta dunƙule. Ki sa a kwance ƙullin a gabanki ki ƙirga, don akwai masu sa manya a sama da ƙasa, ƙanana a tsakiya, wani dozin ɗin ma 10 ne. Masu talla a WhatsApp da Instagram kuma ki tambaye su ko kuɗin har da tsumman ciki, sau da yawa rigar kaɗai ce, kuma kada ki tura kuɗi sai kin riƙe kayan. Famfas ɗin da ake ɗaurewa a farar leda ba suna ba kwanan wata, shi ma ki wuce shi. Ki sayi ƙaramin fakiti a rufe ki ajiye don kwanan asibiti da ranar suna, lokacin da babu mai zaman yi miki wanki.