Ƴar Dakar a bayan ɗakina: abin da na gani cikin kwana 90

Na sayi rabin tiya na irin gyaɗar nan 55-437, wadda muke kira ƴar Dakar, wajen wani mai sayar da iri a kasuwar Tahoua. Filina ɗan tsakar gida ne bayan ɗaki, rairayi, taki goma sha biyu a tsaye. Dalilin da ya sa na zaɓe ta ɗaya ne: daminar Adar gajeruwa ce, ita kuma an san ta da nuna cikin kwana 90.

Na ɓare ta da hannu, na ware masu ƙwari da waɗanda fatarsu ta saɓule, kuma gaskiya sun yi yawa ga irin da aka ce tsabtatacce ne. Na shuka bayan ruwa mai kyau a farkon Yuli, santimita 40 tsakanin layi, 15 tsakanin rami. Cikin mako guda ta fito reras.

A watan Agusta ruwa ya ɗauke kwana goma sha ɗaya. Kuɓewar da ke gefe ta langaɓe, gyaɗar kuwa da rana ta naɗe ganye, da asuba ta buɗe kamar ba a yi komai ba. Nan ta shiga raina. Kowace safiya sai na tsuguna in ga furen nan rawaya ya bushe, wani ɗan tsinke ya fito daga gindinsa ya soki ƙasa, can ƙarƙashi yake zama kwanso. Saboda haka da ta fara fure na ajiye hauya, ciyawa sai da hannu.

Inda na yi asara shi ne wajen tono. Maƙwabciyarmu tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗana, ƴar Dakar ba ta jiran mai ita, tone ta." Na ce, "To Inna, sai Juma'a." Ranar Laraba aka yi ruwan ƙarshe, kuma wannan iri in ya nuna ba ya jira a ƙasa, da ya sami laima sai ya tsiro. Na tarar wasu sun tsiro cikin kwansonsu, abin ya yi mini ciwo sosai. Ga kuma gara ta taɓa na bakin katanga.

Ƙwayarta ƙanana ce, mai son manya don suya ba zai gamsu ba. Amma tana da mai, uwargida ta yi mana ƙuli-ƙuli, harawar kuma ragon layya ya cinye ta tas. Na ajiye irin baɗi cikin kwansonsa, a buhu, na ɗaga shi daga ƙasa.