Tsakanin -k da -m a pytest: ka ɗauki -m

Ƙanena, kan tambayarka ta ko da `-k` ko da `-m` za ka riƙa tsallake gwaje-gwajen da ke cin lokaci a pytest, wato manhajar da ke gudanar da gwaje-gwaje don a ga ko lambar da ka rubuta da Python tana aiki daidai: ka ɗauki `-m`. Na yi aiki da duka biyun. Ɗaya ya sa na ji kunya a gaban mai kanti, ɗayan kuma da shi nake aiki har yau.

Akwai wani Alhaji mai sarin shinkafa da man girki a babbar kasuwar Garwa da na rubuta wa manhajar lissafin kanti. Tana karɓar tsabar kuɗi, tana kuma karɓar kuɗin waya. Gwaje-gwajen biya ta waya ba sa tafiya sai da intanet, kowanne sai ya zauna jiran amsa, da yamma kuwa in layi ya yi nauyi sai ka sha shayi ka dawo ba su gama ba. Ga batirin kwamfuta yana sauka in an ɗauke wuta. Sai na saba da rubuta `pytest -k "not biya"`, wato a tsallake duk gwajin da ke da "biya" a sunansa, cikin ƙiftawar ido komai ya yi kore, alamar sauran sun wuce lafiya, in rufe kwamfuta hankalina kwance.

Ashe `-k` ba ruwansa da ma'ana, haruffa yake bi. Duk sunan da ke ɗauke da b-i-y-a a jere, ya cire shi. Ina da wani gwaji mai suna `test_cika_zuwa_biyar`, aikinsa ya tabbatar jimillar kuɗi ta faɗa kan dala, wato sefa biyar-biyar, tunda ka san ba wanda zai ba ka canjin sefa 2 ko 3 a kasuwa. To "biyar" ai akwai "biya" a cikinta. Na taɓa lissafin, ya koma yana cika kuɗi ƙasa a kan kowane kaya maimakon a kan jimilla, gwajin da zai kama ɓarnar kuma yana gefe ba a gudanar da shi ba. Kwana uku yaron kanti yana ƙirga kuɗi bayan magariba, takardarsa da kwamfuta ba sa haɗuwa, har aka fara yi masa kallon zargi. Da Alhaji ya kira ni, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, zo ka duba, yaron nan ban taɓa kama shi da komai ba." Kuɗin ba su da yawa, amma zargin da ya so ya hau kan yaron shi ya tsaya mini a rai.

Kuma ba sunan gwaji kaɗai `-k` ke dubawa ba. Yana duba sunan fayil da sunan ajin (`class`) da gwajin yake ciki, bai kuma bambanta babban baƙi da ƙarami. In kana da fayil `test_biya.py`, duk abin da ke ciki ya tafi, har da waɗanda ba su da alaƙa da intanet.

Shi `-m` kuwa da hannunka kake sa alama, kamar yadda ake yi wa buhu shaida kafin a loda shi a mota. A saman kowane gwaji mai buƙatar layi na rubuta `@pytest.mark.intanet`. A fayil ɗin saitunan pytest, wato `pytest.ini`, na yi wa alamar rajista a ƙarƙashin `markers`, na rubuta abin da take nufi a gabanta. Yanzu in ina cikin aiki sai in ce `pytest -m "not intanet"`. Abin da na sa wa alama shi kaɗai ke fita, ko da sunansa ya yi kama da na maƙwabcinsa. Daga baya na ƙara alama ta biyu, `nauyi`, don masu loda tsohon lissafin shekara guda, sai in haɗa su: `-m "not intanet and not nauyi"`. In ba ka san waɗanda ke cinye maka lokaci ba, `--durations=10` zai jero maka goma mafi jinkiri, daga nan ka fara sa alama.

Ranar da na tabbatar na yi dace ita ce ranar da na hau mota zuwa Marwa. Bayan mun wuce Figil Alhaji ya kira, rangwame ba ya fita daidai a takardar wani dillali. Kwamfuta a cinya, layi yana zuwa yana ɗaukewa, na gyara, na gudanar da duk abin da ba ya buƙatar intanet, na ga adadin da aka ajiye gefe 11 ne cif, daidai da waɗanda na sa wa alama. Kafin mu shiga gari na san gyaran bai taɓa komai ba. Wannan natsuwa ban taɓa samunta da `-k` ba.

Ka sa `--strict-markers` a cikin `addopts`, wato layin da ke `pytest.ini` inda ake rubuta zaɓin da za su riƙa aiki da kansu duk lokacin da aka gudanar da pytest. In hannunka ya zame ka rubuta `intanat` a saman gwaji, pytest zai tsaya da kuskure maimakon ya yi gargaɗi ya wuce. Amma `-m "not intanet"` ɗin kansa kada ka binne shi a `addopts`, don wata biyu za ka manta yana nan. Ka riƙa rubuta shi da yatsunka, ranar miƙa aiki kuma ka nemi inda layi yake da ƙarfi ka rubuta `pytest` zalla.

`-k` ba laifi in gwaji ɗaya kake nema ka manta fayil ɗinsa. Ko a nan ma `--lf`, mai maimaita waɗanda suka faɗi a karon baya, ya fi yi mini amfani.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da manhaja. Akwai masu buɗe kwamfuta a gaban ɗan kasuwa su nuna masa layi kore, su ce an gwada komai. Ka karanta layin ƙarshe da kanka. In ka ga `passed` (waɗanda suka wuce) 30 amma `deselected` (waɗanda aka ajiye gefe) 90 a gefensa, an ɓoye kashi uku cikin huɗu na gwajin ke nan. Ka buɗe fayil ɗin saituna, `pytest.ini` ko `pyproject.toml`, ka ga abin da aka cusa a `addopts`, ka ce a ƙara `-rs` a nuna maka dalilin kowane `skipped`, wato gwajin da aka tsallake. Wanda aikinsa yake da kyau ba zai ƙi ba. Haka kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da pytest a filashi, wai nasa ne cikakke mai lasisi, ka riƙe kuɗinka. Kyauta ne, `pip install pytest` ya wadatar.

Kafin ka amince da kowane zaɓi da ka rubuta, ka ƙara masa `--collect-only -q`. Zai jero maka sunayen waɗanda za su gudana ba tare da ya gudanar da ko ɗaya ba. Ka bi su da ido tun daga sama, ka tabbata masu lissafin kuɗi suna ciki.