Gargaɗi kan masu damfara da sunan gyaran sandar sitiyarin tsofaffin motoci

Ana jan hankalin masu farfaɗo da tsofaffin motoci, musamman Ford Model T da aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, game da wasu mutane da ke tallata kansu a intanet a matsayin ƙwararrun masu gyaran sandar sitiyari. Sukan nemi a aiko musu da sandar ta asali tare da kafin alƙalami, bisa alkawarin za su mayar da ita kamar sabuwa. Wasunsu daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Waɗanda suka fi hatsari kuwa su ne masu dawo da kaya, domin sukan riƙe ta asalin su sayar, su aiko da wata gajiyayya da aka lulluɓe da baƙin fenti mai sheƙi.

A wannan mota akwai hannaye biyu a ƙarƙashin sitiyari: na dama totur ne, na hagu kuma shi ke gaggauta ko jinkirta wutar filogi. Kowannensu yana tafiya a kan wani faranti mai ƙananan haƙora, kuma sifirin ne ke danne shi a kan haƙoran don ya tsaya inda direba ya ajiye shi. Bayan shekaru ɗari haƙoran sukan cinye, gyaran gaskiya kuma shi ne a sake fitar da su ko a canza farantin. Ɗan damfara ba ya wannan wahalar. Yakan cike wurin da dalma ya goge, sai abu ya yi kyau a hoto, amma dalma taushi gare ta, ba ta daɗewa hannun zai fara zamewa da kansa.

Wannan ba batun ado ba ne. Da yawa daga cikin waɗannan motoci da hannu ake wana injinsu don a tayar da shi, kuma dole hannun hagu ya kasance can sama, wato a jinkirce, kafin a wana. Idan ya sulluɓo ƙasa ba a lura ba, injin yakan harba baya, ƙarfen wanawa ya doki mutum, abin da ya karya wuyan hannun direbobi da dama tun motar tana sabuwa.

Saboda haka kada a saki sandar asali ga wanda ba a ga aikinsa ba. Kafin ta bar hannunka ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, ka yi mata wata 'yar alama a ɓoyayyen wuri. Ka nemi hoton farantin kafin a shafa fenti, da bidiyon hannayen suna tsayawa haƙori bayan haƙori. Wanda ya ce lallai sai an biya shi ta hanyar da ba a iya karɓo kuɗi idan ciniki ya ɓaci, ko ya ƙi nuna wurin aikinsa, a bar masa kayansa. Idan kuma sandar ta dawo, a duba alamar, sannan bakanike ya buɗe akwatin giyar da ke ƙarƙashin sitiyarin ya ga yadda cikinsa yake kafin a ɗaura ta a mota.