Wata uku ina koyon wanki da guga a kamfani, ga yadda na ga kwas ɗin

Masu tambayata ko kwas ɗin nan ya ci kuɗinsa, eh ya ci, amma akwai gyara.

Ni fa na shiga ne da raini, wai wanki ai wanki ne, me za a koya min. Satin farko ko inji oga bai bari mun taɓa ba, kaya kawai yake zube mana a tebur ya ce kowa ya karanta ɗan ƙyallen da ke wuyan riga. Ashe zanen dutsen guga mai ɗigo ɗaya, a ƙa'idar da aka koya mana a lokacin, yana nufin kar zafi ya wuce digiri 110, ɗigo biyu 150, uku 200. Da'ira kuma alamar dirai kilin ce, wanda duk da sunansa ba busasshen wanki ba ne, kayan jiƙewa suke sharkaf, sai dai cikin sinadari ba ruwa ba, idan ka ga P a da'irar to ana iya sa wanda suke ce wa pak.

Ɓangaren cire tabo shi ya fi burge ni wallahi. Jini ruwan sanyi yake so, ka zuba masa na zafi ya dafe a zaren shi ke nan, maiƙo kuma nasa maganin daban, kuma kafin ka ɗiga komai sai ka gwada a cikin kalmasa inda ido ba ya gani. Rigar ulu da zafi da yawan juyi sai ta tsuke ta koma ta yaro. Ni kaina na yi ɓarna, na manta biro a aljihun farar riga ya fashe cikin inji ya shafi riguna huɗu, oga bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "Malam, hannu a aljihu kafin hannu a inji", sannan ya zaunar da ni har yamma ina bin tawadar ɗigo-ɗigo.

Inda suka gaza, ɗakin dirai kilin ɗin babu isasshiyar iska. Pak ba abin wasa ba ne, yawan shaƙarsa na sa jiri da ciwon kai, kuma yana cikin sinadaran da ake zargi da haddasa ciwon daji, amma safar hannu da takunkumi sai mun roƙa ake ba mu. Sannan mun yi yawa, injin guga mai tururi ɗaya tal, wani lokacin ka yini a tsaye kwat biyu kacal ka goge. Lissafin yadda ake yanke kuɗin aiki da yadda za ka lallashi kwastoman da kayansa suka lalace kuwa a gurguje aka wuce su.

Aikin akwai tsayuwa da zafi, ƙafa da baya za su gaya maka. Na ba su tauraro huɗu cikin biyar, wanda zai je ya tafi da takunkuminsa.