Zuwa ga 'yan'uwa na Zuru da Yawuri masu shirin ziyarar ibada a Rum

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ku sani tun daga gida, abin da ya fi daraja a Rum kyauta ne. Shiga majami'ar Bitrus mai tsarki ba a biyan ko sisi, haka ma katin ganin Paparoma ranar Laraba. Duk wanda ya tare ku a hanya zai sayar muku da shi, ku wuce. Layin bincike ne mai tsawo, don haka ku yi sammako. Sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa, in ba haka ba a mayar da mutum daga ƙofa. Zani da gyalen matanmu sun wadatar.

Da kun shiga majami'ar Bitrus mai tsarki ku dubi dama. Nan ne sassaƙen Maryamu riƙe da gawar Yesu a cinyarta, wanda masassaƙin Italiya Michelangelo ya gama a 1499. Yana bayan gilashi tun da wani ya sare shi da guduma a 1972. Kada ku ɗauki hoto ku wuce. Ku tsaya ku dubi hannunta na hagu a buɗe, da yadda dutse ya naɗe kamar yadi. Hawa ƙubba kuwa da kuɗi, matakala 551 ne, ko an hau lif saura 320, a bar tsofaffi su huta.

Gidan tarihin Vatican sai da tikiti, ku saya ta intanet tun kafin tafiya. Ta cikinsa ake isa ɗakin sujada na Sistina, inda aka hana hoto da surutu. Ƙananan majami'u da yawa suna rufewa da tsakar rana, wannan yana ɓata wa baƙi shiri sosai. A wasu kuma sai an jefa kwabbai a akwati fitila ta haska zanen, ku riƙe canji.

Ruwan sha ba kamar tashar Birnin Kebbi ba ne da sai an sayi na leda. Famfunan titi suna zuba dare da rana, mai sanyi, ku zo da gora. Bas ba kwandasta. Ana sayen tikiti a shago, a buga shi a na'ura da zarar an shiga, wanda ya manta tara ce. Ku tsare aljihu a bas mai lamba 64.

Tsarabar rosari ba a ciniki irin na kasuwar gida, farashi a rubuce yake. Shagunan lungu sun fi na bakin dandalin majami'ar Bitrus sauƙi. Ku ja zaren ku gwada, mai sarƙa siririya saurin tsinkewa yake yi.